Yadda Ake Fita Yawon Ƙafa da Iyali a Karkarar Ingila

Na yi shekara biyu cur a Sheffield ina hangen tuddan Peak District ta tagar bas ba tare da na taɓa sa ƙafa a cikinsu ba, domin a ganina duk wannan koren fili gonakin mutane ne, kuma baƙo irina ba shi da hujjar tsallaka shingen wani a ƙasar da ba tasa ba. Ranar da na fara gwadawa, na tsaya da yarana biyu a bakin ƙofar wata gona ina ta waige-waige, ga allo yana nuna hanya ta tsakiyar garken tumaki amma hannuna ya kasa kai wa ga sakata, sai wata dattijuwa mai sanda ta iso, ta buɗe, ta riƙe mana ƙofar har muka shige. Tun daga ranar da wuya wata ya wuce ba mu fita ba, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi, domin iyayen da suke son farawa.

Abin da ban sani ba a wancan lokacin shi ne, a Ingila da Wales akwai hanyoyi kimanin mil 140,000 waɗanda doka ta ba kowa haƙƙin bi, ko da sun ratsa ta tsakiyar gonar wani. Abin da ya fi kama da su a wurinmu shi ne burtali, wato fili na mai gona ne amma wucewa ta jama'a ce. Shiga manyan tuddai kuwa sai da aka yi gwagwarmaya a kai: a 1932 ɗaruruwan matasa suka hau tudun Kinder Scout da ke Peak District da gangan ba da izinin masu ƙasar ba, har aka ɗaure wasunsu, a 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, sannan dokar 2000 ta buɗe tuddai da filayen daji masu yawa ga mai tafiya a ƙafa. Saboda haka idan kun tsaya a bakin irin wannan ƙofa, ku buɗe da gaba gaɗi, amma ku tuna cewa a cikin gona haƙƙinku iyakarsa turbar da aka shata.

Kayan da ake buƙata

Takalmi ne kan gaba, domin taɓon karkarar Ingila ba ya bushewa daga Oktoba har zuwa Afrilu. Babba yana buƙatar takalmi mai kaurin ƙasa da ba ya santsi, yaro ƙarami kuma takalmin ruwa na roba mai dogon wuya ya ishe shi idan tafiyar ba ta wuce kilomita uku ko huɗu ba, muddin an sa masa safa mai kauri. Kada a fara sa sabon takalmi ranar tafiya, a bar yaro ya yi kwanaki yana zuwa makaranta da shi tukuna, in ba haka ba zai yi masa kanta a diddige tun kafin a yi nisa. Wanda bai da halin sayen sabo ya leƙa shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, domin yara suna saurin fin ƙarfin takalmi, kuma ana samun waɗanda ba su sha wuya ba a kan kuɗi kaɗan.

Tufafi a sa su hawa-hawa: riga mara nauyi a jiki, rigar sanyi a kanta, sannan rigar ruwa mai hula a sama, yadda za a iya cire ɗaya idan an yi gumi a mayar idan an tsaya. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, kuma wandon jins idan ya jiƙe ya zama kaya mai sanyi da nauyi, don haka a guje su. Ga iyaye mata ina da shawara ta musamman, wadda uwargida ta koya da kanta: doguwar abaya mai jan ƙasa tana kwasar raɓa da laka, tana kuma maƙalewa a wurin tsallaka shinge. Riga mai kaiwa gwiwa a kan wando mai faɗi, da hijabin da za a iya cusa bakinsa cikin rigar ruwa don kada iska ta yi ta fizgarsa, sun fi sauƙi kuma sutura ta cika.

A cikin jakar goyo kuma a sa waɗannan:

- Taswirar Ordnance Survey (OS), hukumar zana taswira ta Birtaniya, ta jerin Explorer, mai bangon ruwan lemo. Lamba OL24 ita ce ta kudancin Peak District, OL2 ta yankin Malham, OL45 ta Cotswolds. Idan ba a samu saya ba, ɗakunan karatu na gari da yawa suna ba da aro.
- Waya mai cikakken caji da batirin ajiya, kuma a sauke taswirar wurin a cikinta tun daga gida, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari.
- Kamfas, da usur, da ƙaramar tocila.
- Gorar ruwa ga kowane mutum, da filas na shayi mai zafi.
- Filasta, bandeji, hantsaki mai tsinin baki, da maganin da wani yake sha kullum, musamman abin shaƙa na mai asma.
- Safa da wando na canji ga kowane yaro, a cikin leda.
- Ledar shara, takardar goge hannu, sallaya mara nauyi da ƙaramar buta.

Guzuri a haɗa shi daga gida, kuma a yi shi da yawa. Abincin halal yana da wuyar samu a ƙauyuka, inda sau da yawa gidan shayi ɗaya ne da mashaya ɗaya. Dabino, gyaɗa, cincin, dafaffen ƙwai, burodi da dambun nama ba sa lalacewa a jaka, kuma yaron da ya fara ƙorafin gajiya sau da yawa yunwa ce take cinsa.

1. Ku zaɓi hanya da ƙafar ƙaramin cikinku

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan ne yawancin iyaye suke kuskure, domin suna auna tafiya da ƙarfinsu. Yaron da aka wahalar a fitarsa ta farko zai ƙi ta biyu. A abin da na gani, ɗan shekara huɗu ko biyar yana yin kilomita uku cikin walwala, ɗan shekara takwas zuwa goma yana kai wa bakwai ko takwas idan babu hawa mai tsanani. A fara da ƙasa da haka, kuma a zaɓi hanyar da take da abin da yaro zai sa rai da gani, kamar ruwa, gada, kogo ko duwatsun tsallaka rafi.

Ga wanda yake tsakiya ko arewacin Ingila, ban san wurin farawa da ya kai Monsal Trail ba. Tsohon layin dogo ne da aka daina amfani da shi a 1968, aka mayar da shi hanyar masu ƙafa da keke da doki, mai tsawon mil 8.5 daga Bakewell zuwa Blackwell Mill. Da yake jirgin ƙasa aka shimfiɗa wa, babu hawa babu gangara, kuma keken jariri yana tafiya a kai lafiya lau. A 2011 aka sake buɗe ramukan da aka fafe wa jirgin ta cikin dutse, aka sa musu fitilu da rana. Idan kun ajiye mota a tsohuwar tashar Hassop, inda akwai gidan shayi da bayan gida, kuka nufi yamma kimanin kilomita huɗu, za ku shiga ramin Headstone mai tsawon kusan rabin kilomita. Ciki da sanyi ko a tsakiyar Yuli, ruwa yana ɗiga daga rufi, yara suna ihu don su ji amsa-kuwwa, sannan ku ɓulla kai tsaye a kan wata doguwar gadar dutse, kogin Wye yana can ƙasa. Zuwa da dawowa kilomita takwas ke nan, saboda haka mai ƙananan yara ya tafi da keken turawa, ko ya juya tun daga rabin hanya. A kula da masu keke, a riƙa tafiya a gefen hagu, a kuma riƙe hannun yaro a cikin ramin.

Malham Cove a gandun Yorkshire Dales wani bangon farar ƙasa ne mai lanƙwasa, tsayinsa ya kai mita 80, kuma daga ƙauyen Malham akwai turba mai kyau har gindinsa. Hawa samansa kuwa matakala ce kimanin 400, a can sama kuma dutsen a tsattsage yake da ramuka masu zurfi, yana santsi idan an yi ruwa, kuma babu shinge a bakin gaɓa. Ni ba na hawa da yaron da bai kai shekara bakwai ba. Gindin dutsen da ƙoramar da take fitowa daga ƙarƙashinsa sun ishe shi kallo.

A Lake District akwai Tarn Hows kusa da Coniston, zagayen tafki na kimanin kilomita uku a kan hanya mai tsakuwa. A Cotswolds, daga Lower Slaughter zuwa Upper Slaughter kimanin mil ɗaya ne a gefen ƙaramin kogin Eye. Mazauna Landan suna iya hawa jirgi zuwa tashar Box Hill and Westhumble su gangara ga duwatsun tsallaka kogin Mole. A Dovedale ma akwai irin waɗannan duwatsu a kan kogin Dove, amma ruwa yana shanye su bayan mamako, kuma wurin yana cika maƙil a ranakun hutu, sai an yi sammako.

Mai keken jariri ko mai tafiya da tsoho ya nemi jerin hanyoyin da hukumomin Lake District da Peak District suke kira Miles without Stiles, wato hanyoyin da ba su da matakalar tsallaka shinge. Inda keke ba zai shiga ba, goyo da zani ya fi komai, sai dai a tuna cewa ɗan goye ba ya motsi, don haka sanyi yana kama shi fiye da kowa.

2. Ku karanta taswira ku lissafa lokaci

A taswirar Explorer, santimita huɗu daidai suke da kilomita ɗaya, kuma kowane murabba'i na shuɗin layi kilomita ɗaya ne a kowane gefe. Gajerun koren ɗigo a jere hanyar ƙafa ce, dogayen koren ɗigo hanya ce da doki da keke ma suke bi, wurin da aka shafe da ruwan ɗorawa mai haske kuma fili ne da aka yarda a yi yawo a cikinsa ko ba a kan turba ba. Siraran layukan nan masu lanƙwasa suna nuna tudu: idan sun matsu da juna hawan yana da tsanani, idan sun yi nesa da juna ƙasar a shimfiɗe take. Don auna hanya mai kwana-kwana, ku shimfiɗa zare a kanta, sannan ku miƙar da shi ku ƙirga murabba'ai nawa ya ci.

Masu hawan dutse suna amfani da ƙa'idar da William Naismith ya kafa a 1892, wato awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, da ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafin ƙarfafan manya ne. Da ƙananan yara ni kilomita biyu nake ƙirga wa awa, in ƙara rabin awa na cin abinci da rabin awa na abin da ba a zata ba. Hanyar da take zagayawa ta dawo inda aka fara ta fi daɗi, amma a fita ta farko gara wadda za a je a dawo ta kanta, domin ana iya juyawa a duk inda yaro ya gaza.

3. Ku duba yanayi da faɗuwar rana

Ku duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, da daddare, ku sake dubawa da safe, kuma na ƙauyen da za ku je, domin yana iya bambanta da na garinku ko da tazarar rabin awa ce a mota. Yayyafi ba ya hana fita idan akwai rigar ruwa. Abin da yake hana ni fita da yara shi ne iska mai ƙarfi, ko hazo a kan tudu, ko gargaɗin hukuma ko da na launin rawaya ne. Sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri ɗaya a kowane mita 150 na hawa, kuma jiƙaƙƙen yaro a cikin iska zafin jikinsa yana zubewa da sauri.

Wanda ya taso inda rana take faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara yana saurin mantawa da cewa a nan, a Disamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, a Yuni kuma tana wuce tara. Ku tsara ku dawo mota aƙalla awa ɗaya kafin magariba. Wannan ya shafi salla ma, domin a lokacin sanyi azahar da la'asar suna zuwa kusa da juna kuma duk za su same ku a hanya. Mu daga gida muke fita da alwala, mu ɗauki ruwa kaɗan a buta saboda ko ta karye. Alƙibla daga Ingila kudu maso gabas take, kimanin digiri 118 a kamfas, ba gabas sak ba kamar yadda muka saba. A nemi gefen turba inda ba za a tare wa kowa hanya ba, ɗaya daga cikin iyaye ya tsaya da yara har ɗayan ya idar.

4. Ku shirya zuwa da dawowa

Wuraren ajiye mota a fitattun wurare suna cika tun kafin ƙarfe goma a ƙarshen mako, kuma wasu injinan biyan kuɗi kati kawai suke karɓa, wasu kuma sulalla. Kada a ajiye mota a bakin ƙofar gona ko a gefen siririn titi, domin tarakta da motar asibiti suna buƙatar wucewa. Mambobin National Trust, ƙungiyar da take kula da wuraren tarihi da filayen karkara da yawa, ba sa biya a yawancin wuraren ajiye mota na ƙungiyar, abin da yake rage kashe kuɗi ga iyalin da suke fita a kai a kai.

Rashin mota ba ya hana tafiya. Jirgin da yake bi ta Hope Valley tsakanin Sheffield da Manchester yana tsayawa a Grindleford, Hathersage da Edale, kuma daga tashar Grindleford taku kaɗan ne zuwa dajin Padley Gorge. Katin Family and Friends Railcard yana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kuma kashi 60 cikin ɗari, 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kyauta suke hawa. Bas ɗin ƙauye yana da ƙaranci, musamman ranar Lahadi, don haka ku rubuta lokacin na ƙarshe, ku nufi wanda yake gabansa. Kafin ku fita ku shaida wa wani inda za ku da lokacin da kuke sa ran dawowa. Wanda yake jin nauyin fita shi kaɗai da iyalinsa yana iya fara bin ayari, kamar na ƙungiyar masu yawon ƙafa ta Ramblers ko na Muslim Hikers, wanda Haroon Mota ya kafa a 2020.

5. Ku bi alamomi, ku kiyaye haƙƙin mai gona

Inda hanya ta rabu da titi za ku ga allo mai rubutun Public Footpath ko Public Bridleway, a cikin gona kuma ƙananan kibiyoyi ne a manne a jikin ƙofa ko turke. Rawaya ta masu ƙafa ce kaɗai, shuɗiya ta haɗa da doki da keke, ja kuwa tana nufin mota ma tana iya biyowa. Na saba ɗora wa yara aikin neman kibiya ta gaba, kuma wannan kaɗai yana sa su manta da gajiya.

Ƙofa a bar ta yadda aka same ta, idan a rufe take a rufe, idan an tokare ta a buɗe to mai gona ne ya bar ta don dabbobi su kai ga ruwa. Kada a bar yara su hau katangar dutse, domin ba da siminti aka gina ta ba kuma tana rushewa. A wurin matakalar tsallaka shinge babba ɗaya ya fara hayewa ya karɓi yara, domin katakon yana santsi. Idan turba ta ratsa cikin shuka, a bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba a kunna wuta, ba a gasa nama a kan tudu, ba a barin ko ɓawon ayaba. Tsinkar 'ya'yan itatuwan daji don ci ya halatta, kuma baƙaƙen 'ya'yan ƙaya da suke nuna a Agusta da Satumba suna da zaƙi, amma dokata ga yara ita ce babu abin da zai shiga baki sai an nuna mini, domin akwai jajayen 'ya'ya da lemar kwaɗi masu dafi.

Inda dole a bi titin mota mara gefen masu ƙafa, a tafi ta hannun dama a jere don a fuskanci motocin da suke tahowa, tun da a Ingila mota hagu take bi. Duk wanda kuka haɗu da shi a turba ku gaishe shi, al'adar wurin ce, kuma matambayi ba ya ɓata.

6. Shanu, tumaki da karnuka

A nan nake so iyaye su fi natsuwa. Mun saba da shanun da makiyayi yake gaba ko baya da sandarsa, waɗanda suka san mutane. Shanun Ingila su kaɗai ake bari a fili, manya ne ƙwarai, kuma an sha samun waɗanda suka tattake mutum har lahira, galibi saniya mai ɗan maraƙi idan ta ga kare. Kafin ku shiga filin da yake da shanu, ku tsaya a ƙofa ku duba inda suke da inda mafita take. Ku sa yara a gefen da babu shanu, ku riƙe hannunsu, ku yi tafiya a natse ba gudu ba ihu, kuma kada ku taɓa ratsawa tsakanin saniya da ɗanta. Idan sun tsaya a kan turba, ku kewaye su da nisa sannan ku koma hanya. Matasan shanu suna da son ganin ƙwaƙwaf, sukan biyo mutum a baya, kuma gudu yana ƙara musu ƙaimi. Na taɓa juyawa da iyalina daga bakin ƙofa saboda garke ya taru a daidai mafita, muka ƙara kilomita guda ta wata hanya, kuma har gobe haka zan yi.

Tumaki ba su da haɗari, amma kada yara su kore su ko su ɗauki ɗan rago. Mace mai juna biyu ta nisanci tumaki a lokacin haihuwarsu, wajen Maris da Afrilu, saboda cututtukan da suke iya shafar ciki. A wanke hannu kafin cin abinci idan an taɓa ƙofa ko dabba.

Karnuka kuwa za ku haɗu da su da yawa, wasu ba igiya, kuma yaranmu da dama suna tsoronsu. Ku koya musu tun a gida cewa idan kare ya nufo su, su tsaya cik su harɗe hannu a ƙirji su kau da kai, domin wanda ya ruga shi kare yake bi. Babu laifi ku roƙi mai karen cikin ladabi ya kira shi, kuma yawancinsu suna yi nan take.

7. Yadda ake tafiyar da yara

Mafi ƙanƙanta shi yake yanke saurin tafiya, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma babu yaron da zai wuce inda ido yake kai wa. A tsaya kowane rabin awa a sha ruwa a ci wani abu tun kafin a nema. A bar su su tsaya kallon tururuwa ko jefa tsakuwa a ruwa, domin a wurinsu wannan shi ne yawon, kuma sannu ba ta hana zuwa. A bakin gaɓar teku, kamar fararen duwatsun Seven Sisters, a tsaya nesa da baki sosai, domin allin yana zaizayewa ta ƙasa ya rufta ba zato. Idan yaro ya yi shiru, yana karkarwa ko yana tuntuɓe, a canza masa jiƙaƙƙen kaya, a ba shi abu mai zafi da mai zaƙi, a juya gida.

Akwai wani tsiro mai ganye kamar zarto da yake cika gefen turba, wanda taɓa shi yake sa zafi da borin fata, amma yana wucewa da kansa, dogon wando kuma yana kare shi. Maciji mai dafi iri ɗaya ne kawai a Birtaniya, ɗan ƙarami dangin kububuwa mai zane a gadon baya, kuma yana gudun mutane. Idan ya sari wani, kada a ɗaure wurin, kada a tsaga ko a tsotse, a kwantar da shi a kira agaji.

8. Idan an ɓata ko an ji rauni

Da zarar kun lura cewa kun daɗe ba ku ga kibiya ba, ku tsaya, ku koma wurin ƙarshe da kuka tabbatar da shi a taswira, kada ku yanke ta cikin gona da fatan za ku ci karo da hanya. Idan rauni ne da ba za a iya tafiya da shi ba, ku kira 999, ku nemi 'yan sanda, sannan ku ce kuna son masu ceto na kan dutse; a bakin teku kuma masu gadin gaɓa ake nema. Za a tambaye ku inda kuke, don haka ku koyi karanta lambobi shida na wuri a taswira, ko ku duba su a manhajar OS Maps. Yana da kyau tun daga gida ku aika kalmar register zuwa 999 ta saƙon waya ku bi umarnin da za a turo, domin saƙo yana fita a inda kira ya kasa. Alamar neman agaji da usur ita ce busa shida, a dakata minti ɗaya, a sake.

9. Bayan an dawo gida

A daren ranar, lokacin wanka, ku duba jikin kowane yaro saboda kaska, musamman bayan kunne, gindin gashi, hammata, cibiya da bayan gwiwa. Kaskar nan ƙarama ce, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Idan kun same ta, ku kama ta da hantsaki daf da fata ku ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, sannan ku wanke wurin. Kada a ƙona ta ko a shafa mata mai. Ku rubuta ranar, kuma idan a makonnin da suka biyo baya wani zagayayyen tabo ya fito yana faɗaɗa, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi suka zo, ku ga likita ku gaya masa cewa kaska ta ciji yaron. A baƙar fata tabon ba lallai ya yi ja ba, yana iya kama da ƙurjin buguwa, don haka a duba shi a wuri mai haske.

Takalma a kankare musu laka, a cusa musu tsohuwar jarida su bushe a hankali nesa da na'urar ɗumama ɗaki, wadda take busar da fata ta tsage. A mayar da abin da aka yi amfani da shi cikin jakar magani, a shanya taswira idan ta jiƙe. Ni nakan rubuta a bayan taswirar ranar da muka je, nisan da muka yi, awa nawa ya ɗauke mu da inda ƙaramin ya fara neman a ɗauke shi, kuma da wannan nake auna tafiya ta gaba. Idan sun yi hanya ɗaya sau biyu ba ƙorafi, sai in ƙara kilomita ɗaya ko ɗan tudu guda, amma ba na ƙara duka biyun a rana ɗaya.